Wanki, guga ko rariya: me kod ɗin shafinka yake bukata kafin ka zaɓi manhaja?

Ka buɗe Word ka rubuta "Assalamu alaikum" kawai, ka ajiye shi a matsayin shafin intanet, wato HTML, kod ɗin da ake rubuta shafuka da shi, sannan ka buɗe fayil ɗin da Notepad. Kalmomi biyu ka rubuta, amma sai ka yi ta gangarawa kafin ka gano inda suke. Za ka wuce `class="MsoNormal"`, ka wuce `<o:p>`, ka wuce jerin salo masu farawa da `mso-`, da wasu dogayen bayanai da aka naɗe cikin `<!--[if gte mso 9]>`. Word ya zuba su ne domin in ka sake buɗe shafin a cikinsa ya gane kayansa, ya mayar maka da takardar yadda ka bar ta. Burauza ba ta da abin yi da yawancinsu.

Kowane edita da ke ba ka damar tsara shafi da ido, ba tare da ka taɓa kod ba, yana da irin dattin da yake bari. Rubutun da aka kwafo daga Google Docs yakan zo a naɗe cikin wani `<b>` mai lambar `docs-internal-guid`, wanda aka ce masa kada ya yi kauri, sai kuma a bi kalmomin da ake so su yi kaurin a sa musu `font-weight:700` ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin shafukan FrontPage, wanda Microsoft ta tsayar tun fitowar 2003, cike suke da `<font>`, da teburi cikin teburi, da bayanan `webbot`. Ƙananan editocin da ke cikin manhajojin sarrafa shafi kuwa, duk sanda ka canza ra'ayi kan launi ko girman rubutu sai su ƙara `<span>` a kan na da, in ka danna Enter sau uku su bar maka sakin layi uku da ba komai a ciki sai `&nbsp;`.

A allon kwamfutar wanda ya tsara shafin, komai lafiya. Sai ran da aka buɗe shi a waya a ga teburi ya fita gefe, ko ran da aka sauya fasalin gidan yanar gaba ɗaya, tsofaffin labarai suka ƙi bin sabon salo domin kowane layi ya zo da nasa umarnin a manne.

Abin da na ga ya fi sa mutane asarar lokaci, wani sa'in har da kuɗi, shi ne ɗaukar manhajojin nan a matsayin abu ɗaya. Aiki uku ne daban. Akwai masu guga: su miƙe kod, su jera shi ya karantu, amma ba sa cire ko zare ɗaya. Akwai masu wanki, waɗanda ke cire abin da ba shi da amfani, su gyara alamar da aka buɗe ba a rufe ba. Akwai kuma rariya, wadda ke tare abin da zai cutar, kamar `<script>` da wani ya cusa da mugun nufi. Wanda ya kai riga mai maiƙo wajen mai guga, miƙaƙƙiyar riga mai maiƙo zai karɓo.

Masu guga

Nan ba a kashe ko sisi. In kana da manhajar rubuta kod ta VS Code, Shift+Alt+F a Windows ya ishe ka. Prettier, wanda ya fara karɓar HTML a 2018, ya fi tsauri, kuma ya fi dacewa da inda mutum biyu ko uku ke aiki a kan fayiloli ɗaya, domin yana kashe gardamar wa ya fi iya jera kod. Sai dai ba ya haƙuri da karyayyen shafi: yakan tsaya ya nuna maka layin da ya lalace, ya ƙi ci gaba. Haka kuma wani lokaci yana karya layi a wuri mai ban haushi, har `>` ta koma farkon layi na gaba. Da gangan ne. Tazara tsakanin wasu alamomi tana fitowa a allo, shi kuma ba ya son ya ƙara maka tazarar da ba ka sa ba.

HTML Tidy

Tsohon dobi ke nan. Dave Raggett ne ya rubuta shi a W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, a ƙarshen shekarun 1990, ya yi dogon barci, sai wasu 'yan sa-kai suka farfaɗo da shi suka fitar da na 5 a 2015 mai gane HTML5. Kyauta ne, ba ya bukatar intanet, kuma da ɗan layin umarni yana iya bin fayil ɗari kamar yadda zai bi ɗaya. Ga wanda ya gaji tsohon gidan yanar wata makaranta ko ƙungiya, ban san abin da ya kai shi ba.

Amma sai ka gaya masa abin da kake so. `--word-2000 yes` na cire tarkacen Word. `--gdoc yes` na shafukan da aka fitar daga Google Docs ne. `--clean yes` yana kwashe `<font>` da ire-irensa ya mayar da su CSS, wato dokokin salo da ake ajiyewa daban, da sunaye irin `c1`, `c2`, waɗanda sai ka zauna ka raɗa musu suna mai ma'ana daga baya. Akwai wani tarko a zaɓin na Word: Tidy yana duba saman fayil ne ya tabbatar daga Word ya fito kafin ya fara wankin. In guntun tsakiya kawai ka ba shi, babu saman fayil ɗin, yana iya wucewa bai taɓa komai ba, ko ya ga `<o:p>` ya ce bai san shi ba ya ƙi fitar da sakamako. Ka ba shi fayil ɗin cikakke, in ciki kawai kake so ka ƙara `--show-body-only yes`.

Mu masu rubutu da Hausa muna da wata ƙarin damuwa, wato ƙ da ɗ da ɓ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Tsofaffin fitowar Tidy, waɗanda har yau suna nan a ɓoye cikin wasu ƙananan manhajoji, ba sa ɗaukar fayil a matsayin UTF-8, tsarin ajiye haruffa da ya ƙunshi irin namu, sai an faɗa musu. In ka taki sa'a, ƙ ta koma `&#409;`, ɗ ta koma `&#599;`, ɓ ta koma `&#595;`. Burauza za ta nuna wannan daidai, kai ne dai ba za ka ƙara iya karanta kod ɗinka ba, kuma in ka nemi kalmar "ƙasa" a cikin fayil ba za ka same ta ba. In ba ka taki sa'a ba, a karanta harafin a gurguje, ƙ ta fito kamar `Æ™`, an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan. Maganin gajere ne: ka sa `-utf8` kowane lokaci, ka kuma duba cewa na 5 ne a hannunka. Akwai ma wata riba ta gefe. Word yana lanƙwasa alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya, wani lokaci ta kalli dama wani lokaci hagu, sai kalma ɗaya ta zama iri uku a rumbunka. `--bare yes` yana miƙe su duka.

Kada ka taɓa `-m` sai kana da kwafi a gefe. Yana rubutawa ne a kan fayil na asali. Na taɓa yin wannan gangancin da daddare a kan aikin wasu mutane, washegari da kunya na roƙi a sake turo mini fayilolin.

Dreamweaver

Yana da umarni na musamman don share HTML na Word, da wani na share HTML gaba ɗaya, inda za ka zaɓi a cire alamomin da ba komai a cikinsu, a haɗe `<font>` da suka hau kan juna, ko ka rubuta sunan alamar da kake so a kawar. Yana aiki, kuma kana ganin shafi da kod gefe da gefe, abin da Tidy ba zai ba ka ba. Matsalar ita ce Adobe, wadda ta saye shi tare da Macromedia a 2005, haya take bayarwa, kuɗin wata-wata ko na shekara. In ofis ɗinku na biyan Creative Cloud gaba ɗaya saboda Photoshop da sauransu, to yana ciki, ka mora. In kuwa don wankin nan kaɗai za ka fara biya, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Shafukan da ake liƙa kod a latsa maɓalli

Suna da yawa, kuma don shafi ɗaya na gaggawa ba laifi. Ka liƙa a hagu, ka zaɓi a cire salo da aji (`class`) da tazarar banza, ka kwashe a dama. Abu biyu nake dubawa. Na farko, wasunsu suna maƙala layin talla da mahaɗi zuwa gidansu a cikin sakamakon wanda bai biya ba, don haka ka karanta har ƙasa kafin ka wallafa. Na biyu, takardar da ba ta fita ba tukuna, kamar sakamakon jarrabawa ko sanarwar da ake jira, ba na liƙa ta a gidan da ban san mai shi ba. Kuma in fayilolinka sun haura ashirin, yatsunka ne za su gaya maka wannan ba hanya ba ce.

In takardar asali tana hannunka

Nan ne na fi karkata. In kana da fayil ɗin `.docx`, ka bar HTML ɗin da Word ya fitar, ka juya takardar kai tsaye. Pandoc, wanda John MacFarlane, malamin falsafa a Berkeley, ya fara a 2006, yana yin haka da layi ɗaya: `pandoc rahoto.docx -o rahoto.html`. Mammoth ma aikinsa ke nan, har akwai na WordPress, manhajar sarrafa shafi. Dukansu kyauta ne. Ba sa kwaikwayon kamannin takarda. Ma'anarta suke ɗauka, wato wannan kanu ne, wannan jeri ne, wannan teburi ne, su bar launi da nau'in rubutu a baya.

Sharaɗinsu ɗaya ne, kuma a nan ake faɗuwa. Sai marubucin ya yi amfani da salon Heading na Word. Yawancin takardun da ke zuwa mini, mai su ya ƙara girman rubutu ne ya yi masa kauri ya kira shi kanu. Pandoc zai ba ka sakin layi mai kauri, domin abin da aka rubuta ke nan. Minti goma na koya wa sakatare ko wakili yadda ake danna Heading 1 da Heading 2 ya fi mini amfani a kan kowace manhaja da na lissafa a sama. Gajeren rubutu kuwa, Ctrl+Shift+V ya wadatar: a liƙa shi tsirara, a sa kauri da mahaɗi da hannu.

Inda biyan kuɗi ke da hujja shi ne gidan jarida ko ma'aikatar da mutane da yawa ke liƙa rubutu daga Word kullum, ba kuma wanda zai zauna yana koya musu. PowerPaste na editan TinyMCE na kuɗi ne, editan CKEditor ma yana da nasa na liƙawa daga Office, da na kyauta da wanda aka ƙara wa ƙarfi na kuɗi. Suna wankewa a daidai lokacin liƙawa, su riƙe jeri da teburi, su zubar da sauran. Ka nemi lokacin gwaji, ka kuma tambayi yadda ake lissafin kuɗin, da yawan masu amfani ne ko da yawan buɗe editan, domin da dala ake biya.

Rariya kuwa dole ce in baƙi na iya rubutu a shafinka. DOMPurify na kamfanin Cure53 a ɓangaren JavaScript, HTML Purifier a PHP. Tidy ba mai gadi ba ne. Zai jera maka mugun `<script>` tsaf ya bar shi a wurinsa.

Akwai dattin da ba a wankewa. Tun WordPress 5.0 a ƙarshen 2018, editansa yana ajiye tsarin shafi a cikin bayanai irin `<!-- wp:paragraph -->`. Ka share su, edita ya daina gane tubalansa. Shafin da aka gina da Elementor, mai tsara shafi na WordPress, da danginsa, tulin `<div>` ɗin da kake gani ana ƙera shi ne daga bayanan da ke rumbu, ko ka wanke zai dawo, sai dai ka rage akwati cikin akwati tun daga wajen tsarawa. Wasiƙar imel ma haka: teburan nan da bayanan `mso` da suke kama da shara, don tsohon Outlook na kwamfuta aka sa su, wanda tun 2007 da injin Word yake nuna saƙo.

Wasu za su ce a miƙa wa ChatGPT ko ɗan'uwansa. Kan guntun kod suna yin abin kirki, amma na sha ganin sun "gyara" Hausar da ba a ce su gyara ba, sun cire ƙugiya ko sun sauya kalma. In ka bi ta nan, ka kwatanta rubutun farko da na ƙarshe kalma da kalma.

Ko wanne ka karkata gare shi, ka haɗa shafin gwaji guda kafin ka amince masa. Ka sa jimla mai ƙ, ɗ, ɓ da manyansu, da 'y. Ka sa jeri mai lamba da wani jerin a cikinsa, da teburi mai haɗaɗɗun gidaje, da hoto, da mahaɗi. In akwai aya ko addu'a da Larabci a shafukanka, ka sa layi ɗaya, domin mai wanki mai zafin hannu yakan tafi da `dir="rtl"` tare da shara. Ka wuce da sakamakon ta validator.w3.org mai duba kurakuran kod, sannan ka buɗe shi a ƙaramar waya, ba a kwamfutar da ka yi aikin ba. A nawa gwajin, jeri cikin jeri daga Word ne ya fi kayar da su, domin Word ba ya fitar da shi a matsayin jeri. Sakin layi ne da aka manna wa ɗigo a gaba.