Wasiƙa daga Guwanju zuwa Damagaram

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da su Inna. Ka tambaye ni ko kayan da Sinawa suke amfani da su a ƙasarsu irin waɗanda ake jibgewa a kasuwar Dole ne, masu lalacewa kafin sati ya zagayo. Ba su ba ne, kuma laifin ba nasu ba ne su kaɗai.

A unguwar Xiaobei ta nan Guwanju, a ƙasar Sin, inda 'yan Afirka suka fi taruwa, na raka wani ɗan kasuwarmu sayen cajar waya. Mai shagon ya jera guda uku a kan tebur, kamanninsu ɗaya, amma idan ka ɗauka a hannu sai ka ji ta farko ta fi nauyi saboda kaurin tagullar da ke cikinta. Mutuminmu ya nuna mafi araha, ya ce a cika masa kwalaye. Araha ba ta ado, amma ban ga laifinsa sosai ba, domin ya san aljihun waɗanda zai sayar wa.

Ta fannin hidima kuwa, tazarar tana da yawa. Tun zuwana ba a ɗauke wuta ko ruwan famfo ba, mai sayar da ganye a bakin hanya ma ta manhajar waya ta WeChat ake biyanta, jirgin ƙasa kuma yana kai mutum Shenzhen cikin kusan rabin awa, birnin da sai a 1980 aka keɓe shi domin masana'antu. A 2010 arzikin Sin ya zarce na Japan, Amurka kaɗai ke gabanta. Sai dai baƙar fata yana shan wahala kafin ya samu gidan haya, ni kaina sau biyu ana mayar da ni.

Abin da yake damuna shi ne yadda cinikinmu da su yake tafiya. Matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 cikin ɗari na kamfanin man Sin CNPC ne, ɗanyen man rijiyoyinmu na Agadem kuma ta bututu yake bi zuwa gaɓar tekun Benin. Mu kuwa har tocila da bokiti daga nan muke saye. Tun Disambar 2024 Sin ta cire harajin kwastan kan kayan ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu, kuma riɗinmu yana da kasuwa a nan. Don Allah Yaya, ka bincika mini farashin buhun riɗi bana da kuɗin ɗaukarsa zuwa tashar ruwa, ka sanar da ni kafin kaka ta wuce.