Sharhi: Na'urar hangen taurari mai madubin milimita 130 a sararin samaniyar Jos

Tun da hotunan farko na James Webb, babbar na'urar hangen taurari da ke can sararin samaniya, suka fito a watan Yulin 2022, masu sha'awar sararin samaniya suka shiga neman ƙaramar na'urar hangen taurari ta gida. Wadda na yi aiki da ita a nan Jos, daga ƙarshen damina har shigowar bazara, ita ce irin da ake kira Dobsoniyan ta kan tebur: bututu ne mai madubi a gindinsa, faɗin madubin milimita 130, tsawon tattara haskensa milimita 650, yana zaune kan mazaunin katako mai juyawa hagu da dama, sama da ƙasa. Ta ci kuɗinta ga mai son kallon wata, sauran duniyoyi masu zagaya rana da gungun taurari masu haske. Wanda kuwa ya saye ta don ya ga launukan hotunan Webb da idonsa, ba za a daɗe ba zai mayar da ita kwali.

Dalilin a fili yake. Madubin Webb mita 6.5 ne, an haɗa shi da ɓangarori 18 masu rufin zinariya, kuma hasken da yake tarawa ya ninka na wannan ƙaramin madubi kusan sau dubu biyu. An harba ta ran 25 ga Disamban 2021, tana can nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, inda babu iska, babu ƙura. Sannan mafi yawan abin da take ɗauka hasken infirared ne, wanda idon mutum ba ya gani; launukan da ake gani a hotunanta masana ne suke sanya su bisa tsawon zangon hasken. Ido kuma a cikin duhu kusan ba ya bambance launi, shi ya sa gajimaren taurari, wato tarin iska da ƙura a tsakanin taurari, ke fitowa toka-toka a gilashi.

A kwalin akwai gilasan ido biyu, wato waɗanda ake leƙawa ta cikinsu, na milimita 25 da na milimita 10. Lissafin girmamawa mai sauƙi ne: a raba 650 da lambar gilashin. Na farko yana ba da sau 26, na biyu sau 65. In aka ƙara gilashin Barlow mai ninkawa biyu, sai a kai sau 130. A takarda madubin zai iya ɗaukar har sau 260, amma a aikace motsin iska ba kasafai yake barin a wuce 150 ba, hoton sai ya yi ta rawa yana dushewa. Na 25 ɗin ba laifi. Na 10 ne mai matsala, ramin leƙawarsa ƙarami ne, sai an manna ido, kuma mai sanye da tabarau zai sha wahala. Shi ya kamata a fara sauyawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne mazaunin. Jos tana kusan digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka tauraron arewa a ƙasa-ƙasa yake, sau da yawa dutse ko gini ko hazo ya rufe shi. Na'urori masu mazaunin da ake saitawa da wannan tauraro suna wahalar da mutum a nan, wasu ma ƙarfen nauyinsu yana bugun ƙafar mazaunin in aka kwantar da shi zuwa digiri 10. Wannan kuwa ajiyewa kawai ake yi a fara kallo. Sai dai tana buƙatar abu mai ƙarfi a ƙarƙashinta. Teburin roba ba ya yi, ko numfashi aka yi hoton zai girgiza. Turmi da aka kife ko benci mai nauyi sun fi.

Ga inda akasari ake samun matsala. Madubai biyu ne a ciki, babba a gindi da ƙarami a karkace kusa da baki, kuma dole su fuskanci juna daidai. Jijjigar hanya tana karkatar da su. Alamar ita ce tauraro ya fito da wutsiya a gefe guda duk yadda aka murɗa saiti. Gyaran: a sa murfin saiti mai ɗan rami a tsakiya a gurbin gilashin ido, a leƙa da rana ana fuskantar farin bango, a riƙa murɗa sukurori uku na bayan babban madubi kaɗan-kaɗan, kwatan zagaye a lokaci guda, har ƙaramin zoben alama da ke tsakiyar madubin ya hau kan ɗigon ramin. Da dare a tabbatar da tauraro mai haske: in aka ɗan kauce daga saiti, ya zama zobba masu cibiya ɗaya. Na biyu, zafi. Daren Jos na saurin yin sanyi, madubin da aka fito da shi daga ɗaki yana fitar da ɗumi a cikin bututun, hoton ya yi ta kaɗawa. A ajiye ta waje minti talatin kafin a fara. Na uku, ƙaramin manunin jan ɗigo da ake auna tauraro da shi yana amfani da batirin CR2032, in aka manta shi a kunne ya mutu. A saita shi tun da rana a kan turken sadarwa mai nisa.

Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya wanke sama, hazo bai sauko ba. Tsayin Jos, kimanin mita 1,200, yana taimakawa. Da hunturu ya kankama ƙura tana cinye abubuwa masu rauni, ko da yake wata da duniyoyi suna jurewa. A tsakiyar gari, wajen Terminus, fitilun titi sun kashe sama. Gefen tsaunukan Shere ko bayan Bukuru sun fi duhu nesa ba kusa ba. Wannan na cikin 'yan sana'o'in da ɗauke wuta ke yi wa daɗi. Ƙurar da ta kwanta kan madubi kuma kada a goge ta da tsumma, rufin alminiyon na saman gilashi ne, zai karce. Ƙura kaɗan ba ta rage komai. In ta yi yawa a cire madubin, a zuba masa tataccen ruwa da ɗigon sabulu, a jingine shi ya bushe da kansa.

Me ake gani? Wata ya fi kyau a daren bakwai ko takwas, a kan iyakar haske da duhu, inda inuwa ke fito da ramuka da tsaunuka. Daren sha huɗu kashe ido kawai yake yi. Mushtari a sau 65 yana nuna ratsi biyu masu duhu da watanninsa huɗu da masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Ɗayansu, Yuropa, ɗigo ne kawai a nan, amma a samansa ne Webb ta gano sinadarin kabon dayoksaid a 2023, wanda masana ke ganin daga tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙararsa ya fito. Zoben Zuhalu ya juyo mana da gefensa a Maris 2025, don haka siriri ne a 'yan shekarun nan, yana buɗewa sannu a hankali. A sau 130 duniyar da ake kallo tana ficewa daga tsakiyar gilashi zuwa gefe cikin ƙasa da minti ɗaya saboda juyawar duniyarmu, sai an riƙa tura bututun, kuma hoton a kife yake, hannu sai ya saba.

Kaza da 'ya'yanta suna cika gilashin 25 tsaf. Amma gwanin daren hunturu shi ne gajimaren Oriyon, ƙasa da taurarin nan uku da ke jere, nisan tafiyar haske ta shekara kusan 1,300. A sau 65 ana raba taurari huɗu na tsakiyarsa. A wannan yanki ne hotunan Webb na 2023 suka nuna abubuwa masu nauyin Mushtari suna yawo bibbiyu ba tare da wata rana da suke zagayawa ba, abin da har yanzu ake muhawara a kan yadda suka samu. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuma akwai abin da mazauna Turai ba sa samu: gajimaren Karina, kimanin digiri 20 sama da kudu, wanda a gefensa Webb ta ɗauki hoton nan mai kama da tsaunuka. Andiromeda, wani katafaren tarin taurari mai nisan shekarar haske miliyan 2.5, farin tabo ne mai tsawo, ba a ganin hannayenta. Don irin waɗannan a bar ido minti ashirin cikin duhu, a kashe waya ko a sa manhajar Stellarium mai nuna taswirar taurari a jan haske, sannan a kalli ɗan gefen abin maimakon tsakiyarsa, domin gefen ido ya fi jin haske mai rauni.

Masu son amfani da ita wajen duban jinjirin wata za su same ta da amfani a sau 26, tunda tana ɗaukar faɗin sama kusan digiri biyu, wata huɗu a jere. Sharaɗin shi ne kada a cire murfi sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Madubin yana tara haske fiye da ƙwayar ido sau ɗari uku, leƙa rana sau ɗaya ya isa ya ƙone ido har abada, kuma baƙin tabarau ko fim ɗin hoton asibiti ba sa karewa. In akwai yara a gida, a cire gilasan ido a ajiye su daban da rana.