Shekara guda ina amfani da YouTube Studio

Zane da fensir nake koyarwa a bidiyo. Ni ke ɗauka, ni ke tacewa, ni kuma ke tallar kaina, kuma tallar ce ta fi min nauyi. Na shafe watanni ina tura bidiyona ga 'yan uwa da abokai, ina roƙon a kalla a yaɗa. Ashe da yawansu don kara suke dannawa, su fice nan da nan. Ban gane haka ba sai da na zauna na koyi karanta YouTube Studio, manhajar da ke nuna wa mai tasha alƙaluman abin da ya ɗora.

Abin da ya fi amfanata a cikinta shi ne layin da ke nuna yawan masu ci gaba da kallo, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Nawa layin yakan rufto ne cikin daƙiƙa 30 na farko, daidai lokacin da nake gabatar da kaina, ina roƙon a bi tashar, alhali ko ɗigo ban yi a takarda ba. Ranar da na ga haka raina ya sosu, domin gabatarwar nan na fi ɓata wa lokaci. Amma gaskiya layin ya faɗa. Yanzu hannuna riƙe da fensir ne farkon abin da mai kallo zai gani, roƙon kuma sai can ƙarshe, bayan mutum ya ƙaru da wani abu.

Sashen da ke nuna ta inda masu kallo suka shigo shi ma ya buɗe min ido. Baƙin da suka nemi yadda ake zana yatsun hannu suka faɗo kan bidiyona sun fi waɗanda na roƙa daɗewa. Daga nan na rage damun mutane, na koma kula da taken bidiyo. Akwai kuma damar gwada hotunan bango, wato hoton da ake gani kafin a danna bidiyo, har uku a ga wanda ya fi riƙe mutane, na gwada, tana da amfani.

Inda zan ja kunnen sabon shiga shi ne shafin samun kuɗi. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko mabiya 1,000 ɗin da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Shafin yana nuna saura nawa ka kai, kuma akwai lokacin da nake leƙa shi dare da rana, har zanen ya fara fita daga raina. Sai da na yanke wa kaina sau ɗaya a mako.

Manhajar ba ta kawo maka mutum ko ɗaya, kuma mai bidiyo biyu ko uku ba zai ga abin kirki a alƙalumansa ba tukuna. Wanda ya tara kamar goma, ya buɗe layin kowanne ya duba inda ake barinsa. Ni har yau ban cika awa 4,000 ɗin ba, amma a bidiyona na baya-bayan nan layin bai rufto ba sai da na gama zana babban yatsa.