Wuƙar daji wadda ba ta naɗewa: wacce za ka saya, wacce za ka guda

Wuƙar farko da na saya domin kwanan daji a hannuna ta rabu da ƙotarta. Magariba ta yi, ana yayyafi, ga jiƙaƙƙen itace a gabana ina son in faskara shi in kai ga busasshen cikinsa. Na ɗora kaifin a kan icen, na riƙa bugun bayanta da wani guntun reshe. A bugu na huɗu ruwan wuƙar ya maƙale a cikin icen, ƙotar kuma ta biyo hannuna. Da na haska tocila na duba, ashe abin da ya haɗa su wani siririn ƙarfe ne kamar ƙusa, an liƙa shi da walda a gindin ruwan, kuma daidai wurin waldar ya ɓalle. A daren nan ban hura wuta ba, cikin sanyi na kwana.

Tun daga ranar, kafin in dubi kaifi ko kyan kube, abin da nake fara tambaya shi ne ina ƙarfen ya tsaya a cikin ƙota. Wuƙar da za ta yi aikin daji, ƙarfenta guda ɗaya ne tun daga tsini har ƙarshen ƙota, ba haɗi, ba walda. Akwai masu wutsiyar da ke shiga rabin ƙota ko kashi uku cikin huɗu, kuma idan kamfanin kirki ya yi su suna ɗaukar wahala daidai gwargwado. Amma waɗannan masu ƙota kamar bututu, da ake murɗe marfinsu a zuba ashana da ƙugiyar kamun kifi, ka bar su inda ka gan su. Idan cikin ƙota fanko ne, to me ke riƙe da ruwan?

Tsawo ba ya buƙatar dogon bayani. Ruwa mai santimita 9 zuwa 13 ya isa feƙe turaku, yanka igiya, fiɗar dabba da faskara ƙananan itatuwa. Wanda ya wuce haka nauyi ne a ƙugu, kuma hannu ba ya sarrafa shi a aikin da ke son natsuwa. Sare babban itace aikin gatari ne ko adda. Kauri kuwa, daga milimita 3 zuwa 5 nan ne tsakiyar magana.

A batun ƙarfe ne mutane suka fi tayar da jijiyoyin wuya. Mai yawan kabon, irin wanda ake kira 1095, yana ɗaukar kaifi da sauri ko da a kan dutsen wasa na yau da kullum, sai dai in ka mayar da shi kube da danshi ko jinin dabba, da safe za ka tarar da jan tsatsa a bakinsa. Wanda ba ya tsatsa kuwa sinadarin kuromiyam ke kare shi, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Mutumin da ke kwana a daji ba kullum yake da tsumma da mai a aljihu ba, don haka ni na karkata ga wannan na biyun.

Wadda nake ratayawa a yau ita ce Garberg ta kamfanin Morakniv, da ke garin Mora a ƙasar Suwidin, inda sana'ar ta kafu a matsayin masana'anta tun 1891. An fito da ita a 2016, kuma ita ce wuƙarsu ta farko mai ƙarfe ɗaya har ƙarshe, har ma ƙarfen ya ɗan leƙo ta gindin ƙota, ana iya dandaƙa abu da shi. Tsawon ruwanta milimita 109, kaurinsa 3.2, ƙarfen kuma 14C28N ne, wanda ba ya tsatsa. Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda aka zubo kaifinta: gangara ce guda ɗaya mai faɗi a kowane gefe, salon mutanen Arewacin Turai. Ranar da ta dakushe, kwantar da gangarar kawai za ka yi a kan dutse, ita da kanta za ta nuna maka kusurwar, ko wanda bai taɓa wasa wuƙa ba ma, zai iya. A kan itace kuwa shiga take yi kamar ana fere rogo, tana fitar da siraran ɓawo masu lanƙwasa waɗanda wuta ke kamawa nan take. Bayanta an gyara shi da kusurwa mai kaifi, ka goga shi a sandan ƙyastu tartsatsi ya zubo ba tare da ka taɓa bakin wuƙar ba. Ƙotar roba ce mai tauri, ba ta shan ruwa, ba ta kumbura. Na faskara itace da ita ba adadi, har yau ko motsi ƙotar ba ta yi.

Inda take da rauni shi ne fiɗa. Cikinta ba shi da tudu sosai, don haka maharbin da aikinsa kullum cire fata ne zai ji ta ɗan miƙe masa. Shi ya dubi Fallkniven F1, wadda sojojin saman Suwidin suka ɗauka wa matuƙan jiragensu a 1995. Ruwanta milimita 97, kauri 4.5, kaifinta mai ɗan tudu ne da ke jure ƙashi, amma wasa shi sai wanda hannunsa ya saba.

Sauran ba za su ɗauke mu lokaci ba. Mora Companion, ta kamfanin da ya yi Garberg, ta dace da mai koyo, sai dai ƙarfenta bai kai ƙarshen ƙota ba. ESEE-4 ta Amurka ƙarfi gare ta, kamfanin ma kan musanya ta idan ta karye, amma 1095 ce, kuma fentin da ke jikinta yana hana ta fitar da tartsatsi yadda ya kamata. Ka-Bar da sojojin ruwan Amurka suka fara riƙewa a 1942 wuƙar yaƙi ce, ruwa mai santimita 18 ya yi yawa ga mai feƙe turke. Buck 119 tsininta siriri ne, wajen buɗe cikin dabba yana iya huda hanji ya ɓata nama. Becker BK2 kaurinta ya haura milimita 6, ta fi kama da ƙarfen ɓanɓare ƙofa.

Duk wannan zaɓe ba shi da amfani idan jabu ta shigo hannunka, kuma a nan ne aka cuce ni karo na biyu. Na ga F1 a intanet wajen wani mai sayarwa da ban san shi ba, da araha mai ban mamaki, ga kwali, ga tambari, ga hotuna masu kyau. Da ta iso tana aske gashin hannu. Bayan na feƙe turaku biyar sai bakin ya lanƙwashe gefe guda, har farce yana jin sa. Ba a yi wa ƙarfen zafi da sanyayawar da ke taurara shi ba, an dai goge shi ya yi ƙyalli. A F1 ta gaskiya akwai wani layi da ke bin gefen kaifi, wanda ke nuna inda ƙarfen tsakiya mai tauri ya haɗu da na gefe. A tawa zana layin aka yi, da na goga da takardar yashi ya ɓace. Masu wannan cuta sun fi kwaikwayon sunayen da suka yi fice, Fallkniven da ESEE da Buck, kuma hoton da suke nunawa sau da yawa na wuƙar gaskiya ne, abin da ke zuwa a kwali daban.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka sayi wuƙa wajen dillalin da kamfanin ya amince da shi, kuma idan araha ta yi yawa ka ja da baya. Ka duba nauyi da tsawon da kamfanin ya bayyana, ka auna taka, domin jabu ba kasafai take dacewa da ma'auni ba. Ka ɗaga ta sama ka kalli kaifin ta tsini: idan gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, aikin gaggawa ne. Rubutun da ke jikin ruwa ma yana tona asiri. Wuƙar da aka rubuta mata lambar ƙarfe 440 kawai, ba harafin A ko C da ke nuna ajin ƙarfen a gabansa, ko aka ce wai ƙarfen tiyata ne, mai ita ba ya son ka san abin da ya sayar maka. Haka masu zane-zanen igiyar ruwa da ake cewa ƙarfen Dimashƙa ne: na gaskiya zanensa yana ratsa cikin ƙarfen, ana ganinsa har a bayan wuƙa, na ƙarya kuwa a fuska kawai aka yi shi da sinadari. Ko kube ka lura da shi, domin na jabu yakan saki wuƙa idan ka kifa shi ka girgiza, kuma wuƙar da ta zame daga kube kana tafiya cinyarka za ta fara samu.

Idan ƙotar roba ce ta rufe ƙarfen ba ka ganinsa, ka nemi maganaɗisu mai ƙarfi ka bi da shi a hankali daga gindin ruwa zuwa ƙarshen ƙota. Inda ya daina ja, nan ƙarfen ya ƙare. Sannan tun kana gida, kafin ka sa ƙafa a daji, ka yanka takarda da ita, ka feƙe busasshen ice na minti goma, ka sake komawa kan takardar. Idan ta fara yagawa maimakon yankawa, ka mayar wa mai ita tun wa'adin mayarwa bai wuce ba.