Keken hannu mai ƙafa uku: wata 14 ina tuƙa shi a Maraɗi

Ran da na je karɓar keken, maigidan da ya ƙera shi ya kama dantsena ya matsa, ya ce, "Samari, wannan naka ne har ka tsufa." Na yi murmushi kawai. Shekara da shekaru yana yi wa waɗanda shan inna ya taɓa aiki, kuma a wajensu maganarsa tana kan hanya: shan inna yakan yi ɓarnarsa tun ana yara ya wuce, ƙafa ta shanye, hannu kuwa ya yi ƙarfi kamar na maƙeri. Nawa ciwon tafiya yake yi.

Sunansa Charcot-Marie-Tooth, sunayen likitoci uku ne da suka bayyana shi a 1886, biyu ƴan Faransa, ɗaya ɗan Ingila. Gadonsa ake yi, ba ɗauka ba. Yana cin jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin laka da gaɓoɓi, kuma mafi tsawo yake fara kamawa, shi ya sa ƙafa take riga hannu. Ina shekara 13 silifa ya fara zame min ban sani ba, ina tuntuɓe a fili, ƙwabrina ya rame kamar na shamuwa. Da aka lura tafin ƙafata ba ya jin zafi sai unguwa ta ɗauki raɗa, Gwaggo ta ce a kai ni Danja, kuma a Maraɗi kowa ya san abin da ake nufi da Danja: asibitin kutare. Ba kuturta ba ce. Sai da muka yi tafiyar Yamai, sama da kilomita 600, aka manna min wayoyi aka auna gudun saƙo a jijiya, sannan abin ya samu suna. Maganin warkewa babu, sai motsa jiki da takalmin da ke riƙe idon sawu. Yanzu shekarata 24.

Jika 90 na biya, Kawu ya ba da rabi. Bututun ƙarfe ne aka yi wa walda, tayoyi uku irin na keke, feda a daidai ƙirji, sarƙa ta sauka zuwa tayar gaba. Babban alherinsa shi ne ba abin da ke jikinsa da mai gyaran keke na bakin titi bai sani ba. Tsidau ta huda tayar baya, dala 40 aka yi min faci ina zaune a kai. Kafinsa na gwada kujerar asibiti da wani maƙwabci ya ara min, ƙananan tayoyinta na gaba suka nutse a ƙofar gidanmu, da boris ɗinta ya lalace kuma aka zagaye kasuwa ba a samu irinsa ba.

Daga unguwar Zariya zuwa shagon Kawu kusa da babbar kasuwa, a kan gudron, ban da abin kushewa. Yana gudu, ba ya karkata, akwai akwati a ƙarƙashin mazauni da nake sa butata da littafin bashi. Kuɗin adaidaita na kullum ya zauna a aljihu. Kabu-kabu dama na daɗe da hakura da shi, don ƙafata tana sauka daga matakin ba tare da na ji ba. Amma da ka bar gudron ka shiga lungu, rairayi ne ke da magana. Tayar gaba ce ke ja, nauyina kuwa yana baya, sai ta riƙa juyawa a wuri ɗaya tana tona rami. Yaran unguwa sun gane, da sun hango ni sai su sheƙo, "Yaya, mu tura?" Da damina kam, in an kwana ana ruwa, a gida nake yini.

Wani abu da ba laifin keken ba ne amma tare suke zuwa: sau uku ana miƙo min sadaka a bakin shago, ni da nake riƙe da makullin shagon.

Matakin ƙafa farantin ƙarfe ne. A watan Afirilu na bar keken a rana na shiga sallar Azahar, na fito na hau ba takalmi, ƙafa da ɗanshin alwala. Ban ji komai ba. Da dare Inna ce ta haska fitila ta ga tafin ya tashi ya yi ruwa. Sati uku ina jinya. Mai shan inna da ya ɗora ƙafa zai janye, don jinsa yana nan. Ni nawa ya ragu. Katako muka ɗaura a kai, da maɗaurin da ke hana ƙafar zamewa.

Birki ne ya fi ba ni tsoro. Irin na keke ne, sai ka matse da yatsu. A watannin farko ina yi ba wahala. Wajen wata na tara naman gindin babban yatsana ya fara lotsawa, maɓallin riga ya zama aiki, ni kuma na ƙi yarda. Ranar da na gangara wajen Gulbi ɗaurin auren abokina, na matsa birki ya ƙi kamawa, ashe hannun ne bai matsa ba. Amalanken shanu na gabana, Allah ya sa mai shi ya kauce, na ƙare cikin tarin yashi.

Na koma wurin maigidan na buɗe masa tafin hannuna. Ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ashe ciwon naka bai zauna ba, ɗana." Ya ƙara wa birkin dogon ƙarfe yadda zan danna da dantse, ya naɗe mariƙin feda da robar tsohon tub har ya yi kauri, don hannu mai rauni ya fi iya riƙe abu mai kauri. Kuɗin ƙarfe kawai ya karɓa. Da tun farko ya tambaye ni, ko da ni na buɗe baki, da ƙuna da gangaren duk ba su faru ba. Rabin laifin nawa ne, ina jin kunyar faɗin abin da ke tafe.

Mai irin ciwona zan ce ya saya, amma kada ya ɗauki wanda aka gama aka jingine. Ya zauna da maƙerin, a yi birkin dantse da matakin katako tun daga farko. Kuma kada keken ya raba shi da tafiya gaba ɗaya. Kine ɗin da ke duba ni, wato likitar motsa jiki, ta hana, kullum da safe sai na taka tsakar gida da sanda.

Kawu yana maganar babur da ake mayarwa mai ƙafa uku, amma shi ma totur da yatsu ake murɗa shi. Ran Litinin dai zan koma a sauya min haƙoran sarƙa, fedar ta yi laushi ko da gudun zai ragu.