Gargaɗi ga jama'ar Zamfara game da masu tallan "ruwan kwanciyar hankali"

Ana jan hankalin jama'ar Gusau, Ƙaura Namoda, Talata Mafara da kewaye game da wasu mutane da ke tallata wani ruwan magani ta WhatsApp da Facebook, wani lokaci kuma da amsa-kuwwa ranar kasuwa, suna cewa yana kawar da fargaba da faɗuwar gaba da rashin barci. Sun san inda suka kawo hajarsu, domin a jihar da 'yan bindiga suka raba jama'a da garuruwansu, ba a rasa mai kwana da zullumi. Kwalbar ƙarama ce, ba lambar NAFDAC, ba sunan wanda ya haɗa, ba ranar ƙarewar aiki, kuma da an buɗe murfin warin jiƙaƙƙen garin taba ke bugun hanci duk da na'ana'ar da aka zuba don ɓoye shi. Abin da suke faɗa shi ne, "na itatuwa ne zalla, Turawa sun gwada sun tabbatar."

Yaudarar tana shiga ne saboda an ɗora ta a kan guntuwar gaskiya. Ganyen taba yana ɗauke da nikotin, wanda masana kimiyya Posselt da Reimann suka fara tacewa a Jamus a 1828, da kuma danginsa irin su anatabin. Idan nikotin ya isa ƙwaƙwalwa sai ya hau gurbin da aka tanadar wa asetilkolin, wani sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, ya sa a saki dofamin, sinadarin da ke kawo jin daɗi, mutum ya ji ɗan sanyi a ransa. An kuma yi gwaji a kan ɓeraye da wani ɗan kifi mai zane-zane, wanda in ya tsorata yake lafewa a ƙasan tanki, aka ga ƙaramin awo na irin waɗannan sinadarai yana sa ya fi saurin tasowa sama. Iyakar abin da "Turawa suka tabbatar" ke nan, kuma tasowar kifi a tanki ba ta zama hujjar bai wa matar da aka sace wa miji magani ba. Gwajin ɓerayen ma ya nuna cewa idan awon nikotin ya yi yawa, ƙara tsoro yake yi.

A jikin ɗan Adam rabin nikotin yana gushewa daga jini cikin kimanin awa 2, daga nan sai ƙunci da saurin fushi da rashin sukuni su biyo baya, mai sha ya ɗauka tsohuwar cutarsa ce ta dawo, ya koma ya sayi wata kwalbar. A nan ribar mai tallan take. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda suka bar taba damuwarsu raguwa ta yi idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba da sha. A Amurka ma an taɓa sayar da anatabin da sunan Anatabloc, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta aika wa kamfanin da ke yin sa takardar gargaɗi a 2013, aka daina sayar da shi a 2014.

Babban haɗarin shi ne babu mai sanin yawan nikotin da ke cikin jiƙo, alhali an daɗe ana amfani da shi wajen kashe ƙwarin gona. Yawansa yana kawo amai da dalalar miyau da gumi da jiri da bugun zuciya, in ya tsananta har farfaɗiya da ɗaukewar numfashi, kuma ɗan kaɗan ya isa ya illata yaro. Masu juna biyu da masu hawan jini su ne suka fi kamata su nisance shi.

Akwai kuma tayin zama "wakili", inda ake neman kuɗin rajista kafin a turo kaya. Kada kowa ya tura ko sisi. Wanda ya riga ya saya ya kai kwalbar ofishin NAFDAC. Mai fama da fargaba ya ga likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Idan kuwa wani ya sha ya fara amai da gumi, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.