Webkam ko kyamarar taurari a bayan madubin saiti?

Ana ta tambayata wai in an kwance gilashin ido na ƙaramin madubin saiti 9x50 ɗin nan (mai ƙara girma sau 9, faɗin gilashinsa milimita 50) da ke kan madubin hangen nesa, wanda ake nemo abin kallo da shi, don a riƙa kallon sama a laftof, wace kyamara za a ɗaura.

Webkam dai arha ce, ka cire gilashinta ka haɗa da adafta shi ke nan, amma ba ta jimawa tana tara haske, Wata da Jupita za ka gani, taurari masu dishi-dishi sai haƙuri. Kyamarar taurari ta ZWO ASI120 kuwa tana tara haske na daƙiƙoƙi har PHD2, manhajar da ke sa madubin hangen nesa ya riƙa bin tauraro, ta riƙe maka shi, kuɗin ne ke da zafi. Saita fokas kam duk biyun sai ka sha fama.

Mai koyo ya fara da webkam, mai ɗaukar hoton taurari ya lallaɓa ya sayi ASI120.